Jagorancin tsara: Yadda ɗalibai ke jan 'yan'uwansu zuwa motsa jiki a makaranta

Jagorancin tsara tsari ne da makaranta ke zaɓar wasu ɗalibai, ta ba su ɗan horo, sannan ta ɗora musu nauyin jan abokan karatunsu zuwa wata ɗabi'a da ake so ta yaɗu. A fannin motsa jiki, jagoran yakan kasance ko dai ɗan ajin gaba da ya girmi waɗanda yake ja da shekara biyu ko uku, ko kuma ɗan aji ɗaya da su wanda suke jin maganarsa. Dalilin kafa tsarin abu ne da kowane uba ya sani: daga shekara 12 zuwa sama, maganar aboki takan fi ta malami shiga kunnen yaro. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma masu wannan tsari so suke su yi amfani da zaman ta hanyar alheri.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya riƙa samun motsa jiki na kimanin minti 60 a kowace rana, irin wanda ke sa numfashi ya ɗaga, zuciya ta ƙara bugawa. A shekarar 2019 masanan hukumar suka fitar da wani bincike da ya tattara bayanan ɗalibai miliyan 1.6 daga ƙasashe 146. Sun gano cewa kashi 81 cikin 100 na matasa 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan ƙa'ida: kashi 85 a cikin 'yan mata, kashi 78 a cikin samari.

Arewacin Najeriya bai kuɓuta ba. Wani bincike da Adewale Oyeyemi da abokan aikinsa suka yi a kan ɗaliban sakandare 1,006 a Maiduguri, aka buga a 2016, ya nuna kashi 37 cikin 100 ne kacal ke samun mintuna 60 ɗin a kullum. Wani abin lura a binciken shi ne mafi yawan motsin da yaran ke samu a makaranta suke samun sa, mafi ƙaranci kuma a lokacin hutunsu na gida. Shi ya sa duk mai son gyara yake fara duban makaranta.

Tsohon abu a Zariya

Sunan ne sabo, amma aikin ya daɗe a ƙasar Hausa. A tsangaya gardi ne ke biya wa ƙolo karatu, shi ke tashinsa da asuba, shi ke sa ido a kansa idan malam ba ya nan. A dandali kuwa ba a taɓa buƙatar babba ya koya wa yara langa ba: wanda ya iya shi ke raba 'yan wasa, ya ce wane ne ruwa, su wane ne dawakai, ya nuna inda masha take. Haka 'yan mata suka gaji gaɗa da 'yar gala-gala daga yayyensu. Sarkin samari ma aikinsa ke nan, ya tara tsararrakinsa zuwa gayya ko kokawa bayan kaka.

Makarantar boko ta zo da nata salon, kuma babu inda ya fi bayyana kamar Kwalejin Barewa da ke Zariya. An kafa ta a Katsina a 1921 zamanin Gwamna Hugh Clifford, ta koma Kaduna a 1938, ta sauka Zariya a 1949, aka raɗa mata sunan Barewa a 1971. An gina ta ne bisa tsarin makarantun kwana na Ingila, inda ake raba ɗalibai gida-gida. Gidajen na ɗauke da sunaye irin su Bello Kagara da Nagwamatse da Ɗan Hausa da Lugard da Clifford da Suleiman Barau. Kowane gida da shugabanninsa daga manyan ɗalibai, su ke fitar da ƙanana fili da yamma, su zaɓi wanda zai wakilci gida a gudu ko ƙwallo, su koya wa sabon shiga dokokin wasan da bai taɓa gani ba a garinsu.

Ta wannan hanya wasanni irin su kurket da hoki da ƙwallon bango da ake kira Fives suka zauna da gindinsu a Arewa. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a kwalejin tun tana Katsina, ya ci gaba da buga Fives har yana Firimiyan Jihar Arewa. Yakubu Gowon kuwa a zamanin karatunsa na Zariya mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, ɗan gudun dogon zango, kuma kyaftin na 'yan damben makaranta.

Sai dai a nan akwai abin da masu begen zamanin da sukan manta. Ba ƙwazon manyan ɗalibai kaɗai ne ya riƙe tsarin ba. Makarantar ta kwana ce, lokacin wasa yana cikin jadawali kamar na darasi, fili yana nan a share, akwai kayan wasa a sito, akwai kuma malamin gida da zai tuhumi shugaban ɗalibai idan yara ba su fito ba. Jagoran yana da abin da zai ja yaro zuwa gare shi.

Abin da gwaje-gwajen Birtaniya suka nuna

Farin jinin da jagorancin tsara ya samu a wajen masana lafiya ya samo asali ne daga yaƙi da shan taba. Masu bincike na jami'o'in Cardiff da Bristol sun gwada wani shiri mai suna ASSIST a makarantu 59, a kan ɗalibai sama da 10,000 'yan shekara 12 zuwa 13. Ba malamai ne suka zaɓi jagorori ba. Yaran aka tambaya su rubuta sunayen waɗanda suke girmamawa a ajinsu, aka kwashi waɗanda suka fi samun ƙuri'a aka horar da su kwana biyu a wajen makaranta, aka ce su koma su riƙa sako zancen illar taba cikin hirarsu ta yau da kullum. Sakamakon da mujallar The Lancet ta buga a 2008 ya nuna raguwar kusan kashi 22 cikin 100 a yiwuwar zama mashayin taba.

Ganin haka sai aka yi sha'awar a gwada dabarar a kan motsa jiki. Jami'ar Bristol ta tsara shirin PLAN-A domin 'yan mata, bisa salon ASSIST sak. Ƙaramin gwaji na farko a makarantu shida ya ba da fata, domin an ga bambancin kimanin minti shida a rana. Da aka faɗaɗa shi zuwa makarantu 20 da 'yan mata sama da 1,500, sakamakon da ya fito a 2021 bai nuna wani bambanci tsakanin waɗanda aka yi wa shirin da waɗanda ba a yi wa ba.

Jami'ar Cambridge ta bi wata hanyar daban da shirin GoActive. Nan manyan ɗalibai aka naɗa masu kula da azuzuwan 'yan shekara 13 zuwa 14, kowane aji na zaɓar wasannin da zai gwada a mako, ana tara maki, ana ba da 'yan kyaututtuka. Makarantu 16 da ɗalibai 2,862 ne suka shiga, aka ɗaura musu na'urar auna motsi a jiki domin kada a dogara da abin da yaro ya faɗa da bakinsa. Bayan wata goma, kamar yadda aka buga a 2020, motsin yaran ya ragu a ɓangarorin biyu, shirin bai hana raguwar ba. Masu binciken sun lura cewa a makarantu da dama ba a aiwatar da shirin yadda aka tsara shi ba: lokaci ya yi ƙaranci, fili ya yi wuyar samu, wasu jagororin ba su san abin da ake so su yi ba, malamai kuma aikinsu ya sha musu kai.

Bambancin da ke tsakanin nasarar farko da waɗannan biyun ba mai wuyar ganewa ba ne. Ƙin karɓar karan sigari shawara ce da yaro zai iya yankewa a tsaye, ko ina yake. Motsa jiki kuwa yana buƙatar sa'a guda, da wuri, da izinin iyaye, da rashin wani aikin da ke jira. Aboki na iya sauya ra'ayi, amma ba shi da ikon sauya jadawalin makaranta.

Daga Tudun Wada zuwa Dutsen Abba

Ƙaramar Hukumar Zariya na da mazaɓu 13, kuma biyu daga cikinsu sun isa su nuna cewa matsalar ba iri ɗaya ba ce ko a gari guda. Tudun Wada unguwa ce mai cunkoso, ta 'yan kasuwa da ma'aikata. Yaron da ke can yakan hau babur ko Keke Napep zuwa makaranta, ya tashi ya wuce Islamiyya ko darasin ƙari ko shagon mahaifinsa, da dare kuma waya na hannunsa. Ƙananan makarantun kuɗi da yawa a irin waɗannan unguwanni gidajen zama ne aka mayar azuzuwa, tsakar gidan ba ta wuce wurin yin layin safe ba.

Dutsen Abba kuwa mazaɓa ce ta gefen gari, mai ƙauyuka da gonaki. Matashin da ke can yana tafiya makaranta a ƙafa ko a keke, yana noma da damina, yana ɗebo ruwa da itace. Ba ƙarancin motsi ke damun sa ba. Abin da ya rasa shi ne wasa mai tsari, da mai koya masa, da hanyar da za a ga baiwarsa idan yana da ita. Shirin da ya zo masa da wa'azin a daina zama wuri ɗaya ya yi ɓatan kai.

Akwai kuma batun lokaci. A Janairun 2022 makarantun gwamnati na Jihar Kaduna suka koma karatun kwana huɗu a mako, aka tsawaita lokacin tashi. Duk inda aka matse darussa haka, darasin motsa jiki ne ke fara shan wuya, duk da yana cikin manhajar ƙaramar sakandare, musamman ga 'yan ajin da ke fuskantar jarrabawar WAEC da NECO. Yanayi ma na da nasa hukunci: zafin Maris da Afrilu ba ya barin a fitar da yara fili da tsakar rana, ƙurar hunturu na tayar wa masu ciwon asma, watan azumi kuma na buƙatar sassauci.

Zariya ba ta rasa abin koyi na zamani ba, ko da yake ba a fannin wasanni ba. Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke garin, wadda ta samo asali daga haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar California ta Berkeley, ta daɗe tana gudanar da ƙananan zaurukan karatu a ƙauyukan da ke kewaye, inda 'yan mata ke haɗuwa da jagora mace su ƙarfafa karatu da lissafi da sanin rayuwa. Wasu daga cikin waɗanda suka kammala sukan dawo su zama mataimakan jagora ga na bayansu. Abin da ya sa iyaye suka amince shi ne an fara neman yardarsu da ta malaman addini da masu unguwanni, an kuma samar da wuri killatacce. Shirin motsa jiki na 'yan mata da bai bi ta wannan ƙofa ba, da wuya ya wuce makon farko. Haka nan shirin da hukumar NYSC ta yi tare da UNICEF tun farkon shekarun 2000, inda masu yi wa ƙasa hidima ke horar da 'yan sakandare su wayar da kan tsararrakinsu game da cutar ƙanjamau, ya nuna cewa makarantun gwamnati sun saba da irin wannan aiki.

Inda tsarin ke karkacewa

Babban haɗarinsa a makarantun Najeriya shi ne ya rikiɗe ya koma cin zalin da manyan ɗalibai ke yi wa ƙanana. Tsallen kwaɗo da zagaye fili da gudu da kneel ɗin tsakar rana duk an san su a matsayin horo, kuma yaron da aka saba hukunta shi da gudu ba zai ɗauki gudu abin sha'awa ba. Saboda haka masu tsara irin wannan shiri ke raba jagoranci da ikon hukunci: jagora ba ya riƙe bulala, ba ya rubuta sunan masu laifi, kuma akwai malamin da ƙaramin ɗalibi zai iya kai masa ƙara kai tsaye.

Zaɓen jagoran ma wurin tuntuɓe ne. Malamai sukan miƙa wa wanda ya fi kowa iya ƙwallo, alhali yaran da aka fi son a jawo su ne masu ƙiba da masu kunya da waɗanda ba a taɓa zaɓa a tawagar aji ba, kuma gwanin fili shi ne mutum na ƙarshe da za su so su yi gudu a gabansa. Gasar gidaje da ake yi sau ɗaya a shekara tana da irin wannan rauni: 'yan kaɗan ke gudu, ɗaruruwa na zaune a inuwa suna tafi.

Ta fuskar kuɗi, langa da tsallen igiya da gaɗa da tafiyar sauri a rukuni ba sa cin ko sisi, ba sa kuma buƙatar a sauya hijabi ko a sayi takalmin wasa. Horar da jagorori ne ke buƙatar gwani, kuma garin na da sashen koyar da motsa jiki da ilimin lafiya a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ɗalibansa ke fita gwajin koyarwa a makarantun sakandare. A gwajin Cambridge ma an haɗa manyan ɗaliban da wani babba daga wajen makaranta da ke zuwa yana duba su a makonni shida na farko, kafin a bar su su ci gaba da kansu a sauran makonni shida.