Ji na Farko Ba Hukunci Ba Ne: Waƙoƙin da Ke Shiga Rai a Hankali, Misali Daga Kausani

Tsakure

Akwai waƙar da mutum zai ji ya ce ba ta da armashi, bayan wani lokaci kuma a same shi yana bin ta tiryan-tiryan. Wannan maƙala ta nemi dalilin haka. Ta ɗauki mai sauraro na Kausani, a Ƙaramar Hukumar Wudil ta Jihar Kano, a matsayin ma'auni, ta kuma ɗauki waƙoƙin fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara a matsayin babban misali. Matsayar maƙalar ita ce sabo shi kaɗai bai isa ya bayyana lamarin ba. Waƙar baka ta Hausa tana buɗuwa ne mataki-mataki, daga kiɗa zuwa harshe zuwa labarin da ke ƙarƙashinta, kuma ji ɗaya ba ya kai mutum ƙarshen ko da matakin farko.

1.0 Gabatarwa

Kausani ɗaya ce daga mazaɓun Wudil, garin da ke kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Maiduguri. Hausar yankin Kananci ce. Babbar hanya da kasuwar shanu ta ranar Juma'a sun daɗe suna kawo wa ƙasar Wudil fatake da direbobi, su kuma suna tafe da abin da suke saurare. Saboda haka kunnen mutumin wannan yanki ya saba karɓar baƙin waƙoƙi.

Abin lura shi ne, cikin waƙoƙin da dattawan ƙasar Kano suke ɗaukaka akwai waɗanda ba don su aka yi ba. Ibrahim Narambaɗa, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa ne. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, daga ƙasar Maradun ya fito. Haka Sa'idu Faru da Ɗan'anace, duk mutanen yamma ne. Saurayin da ya tashi a Kausani, ranar da ya fara jin ɗayansu, abin da zai fi kama kunnensa shi ne muryoyi masu hawa kan juna da Hausar da rabinta ke kuɓuce masa. Ta yaya irin wannan waƙa take tashi daga "kiɗan tsofaffi" ta koma abin da mutum ke nema da kuɗinsa?

2.0 Bayanin masana halayyar ɗan'adam da iyakarsa

A 1968 Robert Zajonc ya nuna ta hanyar gwaji cewa yawan haɗuwa da abu, ko da kalma ce marar ma'ana, yana ƙara wa mutum son sa. Daniel Berlyne, a littafinsa na 1971, ya yi wa batun gyara: daɗin abu yana hawa ne har ya kai ƙololuwa, sannan ya fara sauka. Abu mai sauƙi yana saurin kaiwa ƙololuwar, yana kuma saurin gundurar mutum. Abu mai sarƙaƙiya yana jinkirin hawa, amma yana daɗewa a sama. Elizabeth Margulis, a littafinta na 2014 kan maimaici a kiɗa, ta ƙara da cewa a kowane maimaici hankalin mai sauraro yana komawa kan wani sashe dabam na waƙar, ta yadda abin da ya ji a karo na goma ba shi ne ya ji a karon farko ba.

Bahaushe bai jira ɗakin gwaji ba kafin ya san ƙarfin sabo, shi ya sa ya kira shi turken wawa. Wannan karin magana ma gargaɗi ne ga mai nazari. Sabo yana iya ɗaure mutum ga waƙar tallan sabulu kamar yadda yake ɗaure shi ga babbar waƙa irin Bakandamiya. Idan sabo ne kaɗai bayani, babu abin da zai raba waƙar da ke mutuwa da zarar an daina saka ta, da wadda aka shafe shekara sittin ana nema bayan mai ita ya kwanta dama. Dole ke nan a duba cikin waƙar.

3.0 Matakai uku na buɗuwar waƙa

3.1 Kiɗa da tsarin amshi

Kunnen ƙasar Kano ya fi sabawa da kalangu, wanda ake kaɗawa da makaɗi, amonsa yana fita tar. Kotson Narambaɗa da Ɗanƙwairo da hannu ake kaɗa shi, haka ma taushin Salihu Jankiɗi, kuma amonsu a dunƙule yake. Tsarin rerawar ma ya bambanta. A yawancin waƙoƙin Mamman Shata, jagora ne ke zuba magana, 'yan amshi su maimaita gindin waƙa bayan kowane ɗa, don haka baƙon kunne yana samun wurin dafawa nan take. A waƙar fada kuwa akwai karɓi da ƙari: jagora ya fara saɗara, yara su karɓe ta su ƙarasa, wani lokaci su ɗora tasu a kai. Wanda bai san inda jagora zai saki magana ba, hayaniya yake ji. Sai ya iya hasashen inda za a karɓa, sannan ya fara jin gwanintar karɓar. Sa'idu Muhammad Gusau, a *Jagoran Nazarin Waƙar Baka* (1993), ya ba waɗannan sassa sunaye don amfanin ɗalibi, amma mai sauraro na karkara da kunnensa yake gano su, a hankali.

Akwai kuma maganar da ke cikin kiɗan kansa. Kalangu da kotso ganguna ne da ake matse tsirkiyarsu a sassauta, su kwaikwayi hawa da saukar muryar Hausa. Take magana ce ga wanda ya san shi, ga wanda bai sani ba kuwa bugu ne kawai.

3.2 Harshe

Inda Bakano zai ce *muka* da *suka*, makaɗin yamma *munka* da *sunka* zai ce. *Yana* ta koma *shina*, *fari* ya koma *hwari*, *zauna* ta koma *zamna*, *biyar* ta koma *biyat*. A zance na yau da kullum waɗannan ba sa hana fahimta. A cikin waƙa mai gudu, da kiɗa a kanta, ga tsofaffin kalmomin doki da yaƙi da sarauta, sukan isa su rufe ma'ana. Mai sauraro yakan tsinci kalma ɗaya yau, saɗara guda gobe. Kowace tsintuwa lada ce, kuma wannan ladan ne yake sa a sake komawa. Waƙar da ta ba da duk abin da ke cikinta a zama ɗaya ba ta da irin wannan abin jan hankali.

3.3 Labarin da ke ƙarƙashi

Nan ne waƙar fada ta fi jinkirin buɗuwa. Yabo a cikinta jerin nasaba ne da tarihi. Wanda bai san cewa gidan sarautar Isa, duk da laƙabin Sarkin Gobir, zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ba, sunayen da Narambaɗa ke jerowa ba za su ce masa komai ba. Zambo da habaici sun fi haka ɓuya. Makaɗin fada ba ya kama sunan abokin hamayyar ubangidansa. Yakan siffanta shi da dabba, ko da wata kama ta jiki, ko da wani abin kunya da 'yan gari kaɗai suka sani. A fadar da aka yi waƙar, dariya ake fashewa da ita tun a ji na farko. A Kausani kuwa, ɗaruruwan kilomitoci daga can, sai an sami mai warwarewa: dattijo a majalisa, ko direban da ya saba hanyar Gusau, ko shirin fashin baƙin waƙoƙi a rediyo, ko littafi irin *Narambaɗa* na Aliyu Muhammad Bunza (2009). Daga ranar da aka warware wa mutum zambo ɗaya, sauraronsa ya sauya, domin yanzu ya san cewa babu dabbar da aka ambata a banza.

Lamarin kamar cin goro ne: baurinsa ke fara zuwa, zaƙin sai daga baya, kuma wanda ya tofar tun a tauna ta farko zai rantse cewa babu zaƙi a ciki.

4.0 Waƙa tana girma, mai sauraro ma haka

Akwai dalili na huɗu da ya keɓanta da waƙar baka: ita kanta ba a tsaye take ba. Ɗandatti Abdulƙadir, a kundin digirinsa na uku kan Shata a Jami'ar Indiyana (1975), ya yi nazarin yadda mawaƙin baka ke ƙulla waƙa a lokacin da yake rera ta. Bakandamiyar Shata ba ɗauka ɗaya ba ce. Ya yi ta rera ta a lokuta dabam-dabam, yana ƙara 'ya'ya yana sauke wasu. Wanda ya ji ɗauka ɗaya ya yanke hukunci, ya yi hukunci ne a kan rana ɗaya daga rayuwar waƙar.

Mai sauraro shi ma ba a tsaye yake ba. Kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya gare shi, amonsa siriri ne, yaro na iya ɗaukarsa abin wasa. Amma waƙoƙinsa a kan karen mota da zaman aure da halin ɗan'adam suna jiran mutum ne a gaba. Sai ya yi ɗawainiyar iyali, ya ga juyin abokai, sannan ya tarar an riga an faɗa masa. A nan ba waƙar ce ta sauya ba, shekaru ne suka kawo mai sauraro inda take.

5.0 Wa ke ba waƙa ji na biyu?

Duk wannan bayani ya rataya ne a kan sharaɗi ɗaya: a sake jin waƙar. Mutum kuwa ba ya komawa da kansa ga abin da bai burge shi ba, sai wani abu ya mayar da shi. Rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, da Rediyon Kano, sun yi wannan aiki ba da niyya ba. Tashoshi kaɗan ne, mai sauraro ba shi da ikon tsallake waƙa, don haka yakan ji abin da yake so da wanda bai kai ga so ba. Kaset, wanda ya bazu a shekarun 1970 da 1980, ya ƙarfafa haka: wanda ya saya don waƙa ɗaya, dole ya bi ta kan sauran. A motar haya, da teburin mai shayi, da rumfar tela, zaɓin mutum ɗaya ne kowa ke ji. Irin wannan sauraro na gefen kunne, ana aiki ana ji, shi ne ya ba waƙoƙi masu nauyi lokacin da suke buƙata.

Wayar hannu ta juya wannan tsari. Yanzu babban yatsa ne alƙali. Spotify, wanda ya shigo Nijeriya a 2021, yana lissafa cewa an saurari waƙa ne idan an kai daƙiƙa 30, TikTok kuwa da guntayen bidiyo na daƙiƙa 15 ya yi suna. Mawaƙin da ya san haka zai jawo mafi daɗin abin da yake da shi zuwa bakin waƙa. Waƙar fada kuwa a daƙiƙa 30 ko gindinta ba ta gama kafawa ba. Gaskiya ne cewa waya ta sa tsofaffin waƙoƙi sun fi samuwa: da kuɗi kaɗan mai tura waƙoƙi zai cika wa mutum memori da Narambaɗa. Sai dai samuwa dabam, saurare dabam.

6.0 Inda za a iya ja da wannan matsaya

Za a iya cewa maƙalar tana fifita mai wuya a kan mai sauƙi. Ba haka ba ne. Da yawa daga waƙoƙin Shata da na Barmani Choge sun kama mutane tun a ji na farko, kuma ba su sake su ba. "Jarumar Mata" ta Hamisu Breaker ta game ƙasar Hausa cikin ɗan lokaci a 2020. Saurin shiga rai ba aibi ba ne, jinkiri kuma ba shaidar inganci ba ne, domin akwai waƙar da ko sau ɗari aka ji ba abin da za a tarar a cikinta.

Za a kuma iya cewa abin da ake kira fahimta begen ƙuruciya ne kawai. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Waƙoƙin fiyano na finafinan Hausa, irin na zamanin *Sangaya*, waɗanda manya suka raina da sunan nanaye, yau su ne masu shekara arba'in ke jin daɗin tunawa. Amma akwai hanyar rarrabewa. A tambayi mutum abin da yake ji a waƙar yanzu wanda da bai ji ba. Idan amsarsa labarin inda yake ne lokacin da ta fito, bege ne. Idan ya nuna wata gaɓa da yara suka karɓe, ko kalmar da ya gano, ko zambon da aka warware masa, to waƙar ce ta buɗu.

7.0 Kammalawa

Ji na farko yana auna shirin mai sauraro fiye da yadda yake auna waƙa. Wannan yana da sakamako a aikace. Mai nazari bai kamata ya rubuta hukunci a kan waƙar baka daga ɗauka ɗaya ba. Malamin Hausa a sakandare, maimakon ya raba wa ɗalibai matani a takarda kawai, gara ya saka musu waƙa ɗaya a makonni dabam-dabam, yana buɗe mataki ɗaya a kowane zama. Gidajen rediyo, waɗanda har yanzu suke da masu saurare a karkara, su ne suka fi kowa ikon saka waƙa cikakkiya tare da mai fashin baƙi. A da, ƙarancin zaɓi ne yake ba waƙa ji na biyu a wurare irin su Kausani. Yanzu da zaɓi ya yi yawa, sai an yi hakan da gangan, a aji da rediyo da majalisa, in ba haka ba za a ci gaba da adana Narambaɗa a waya ba tare da an san abin da ya faɗa ba.