Daga Duwatsun Labanan Zuwa Sharaɗa: Bin Salsalar Kwarorin Kano

Abubuwa biyu suka faru a shekarar 1911 waɗanda suka sauya wa kasuwancin Kano alƙibla. Layin dogo ya iso gari daga kudu, Italiya kuma ta kai wa Tarabulus yaƙi. Ayarin raƙuman da suka yi ɗaruruwan shekaru suna ratsa Sahara da tufafi da takarda da turare suka soma ja da baya, kasuwar Larabawan Gadamas da na Tarabulus mazauna Dandalin Turawa da Alfindiki ta yi sanyi. Ba a jima ba wasu baƙin masu jin Larabci suka fara sauka, amma su ta teku suka biyo, daga Ikko kuma suka hau jirgin ƙasa. Takardun Turawa sun kira su mutanen Siriya. Kanawa suka ce da su Kwarori.

Zuriyar waɗannan baƙi na cikin waɗanda suka kafa masana'antu a Bompai, daga baya a Sharaɗa da Challawa. Duk da haka, wanda ya tashi bin salsalar gida ɗaya daga cikinsu zai tarar aikin ya fi ƙarfin laburare guda. Ba'amurken da ke alfahari kakansa na cikin mutum 102 da jirgin Mayflower ya sauke a 1620 yana da jerin sunayen fasinjoji, da rajistar coci, da ƙungiyar da aka kafa tun 1897 don tantance masu wannan iƙirari. Jikan Kwaran Kano kuwa tarihinsa a warwatse yake: wani yanki a rajistar ƙauye a Labanan, wani a fayil ɗin Turawa a Kaduna, wani kuma a bakin dattawan da suka yi aiki da kakansa.

Abin da ya fito da su

A ƙarshen ƙarni na 19 babu ƙasar da ake kira Labanan. Yankin yana ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Ƙauyukan kan dutse sun dogara da kiwon tsutsar siliki, suna sayar wa masaƙun Faransa zare. Da aka buɗe mashigin Suwes a 1869, silikin Sin da Japan ya samu hanyar Turai cikin sauƙi, farashi ya faɗi. Ga ƙarancin ƙasar noma, ga tabon rikicin 1860 tsakanin Duruz da Kiristoci Maroniyawa bai gama warkewa ba. Samari suka fara ficewa. Bayan haka yunwar 1915 zuwa 1918 ta zo, wadda ake ƙiyasin ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Dutsen Labanan.

Burin yawancinsu Amurka ne ko Barazil ko Ajantina. Akwai labarin da kusan kowane tsohon gidan Kwara a Afirka ta Yamma ke bayarwa, cewa kaka Amurka ya nufa, a tashar Marseille ta Faransa guzuri ya ƙare, ko likita ya ga ciwon ido ya hana shi wucewa, ko dillalin tikiti ya yaudare shi ya sa shi a jirgin Dakar. Masanin tarihi Andrew Arsan, a littafin da ya fitar a 2014 kan 'yan Labanan a ƙasashen da Faransa ta mallaka, ya nuna cewa da yawa da saninsu suka zo, domin wasiƙun 'yan'uwa da suka riga su sun gaya musu akwai riba. Ga mai bin salsala wannan gargaɗi ne tun daga farko: labarin gida abin girmamawa ne, amma sai an gwada shi da takarda. Abin da babu jayayya a kai shi ne dokar shige da fice ta Amurka ta 1924, wadda ta taƙaita kason Siriya zuwa mutum 100 a shekara. Da waccan ƙofa ta rufe, masu nufo Afirka suka ƙaru.

A Najeriya, wanda aka fi ambata a matsayin na farko shi ne Elias Khoury, mutumin ƙauyen Miziara a arewacin Labanan, da ya sauka Ikko wajajen 1890. Na farkon nan da tallar murjani na jabu da ƙananan kayan koli suka fara. Kowa ya ɗan tara, sai ya aika a turo masa ƙane ko ɗan baffa. Shi ya sa tushen gidaje masu yawa ke komawa ga ƙauyuka ƙalilan, irin su Miziara ta Kiristoci da Juwayya ta Musulmi 'yan Shi'a a kudu, kusa da birnin Sur. Wanda ya je Miziara a yau zai ga manyan gidajen da aka gina da kuɗin Najeriya, har da wani da aka yi masa siffar jirgin sama.

Fagge ta Kudu

Gyaɗa ce ta jawo su Kano. An buɗe layin dogo ga 'yan kasuwa a 1912, zamanin Sarki Abbas. Turawa auduga suka sa rai za a noma musu, manoman Kano kuwa suka yi nasu lissafin suka zaɓi gyaɗa. A 1913 abin da Najeriya ta fitar ya haura tan 19,000, ninki da yawa na shekarar da ta gabata.

Dokar mulkin mallaka ba ta bar baƙo irin wannan ya zauna cikin ganuwa ba, dokar ƙasa ta 1910 kuma ba ta ba shi damar mallakar fili ba, sai dai iznin zama na wa'adi. Kwara ba Bature ba ne da za a ba shi gida a Nassarawa, ba kuma ɗan kudu ba ne da za a kai shi Sabon Gari. Sai aka yanka musu fulotai a Fagge ta Kudu, tsakanin birni da tashar jirgi. Fasalin ginin kusan ɗaya ne: kanti a gaba, sito a tsakiya, ɗakunan kwana a baya. A bakin kanti akwai sikeli da tarin buhuna. A ciki akwai bandiran atamfa da alawayyo da akoko jere a kan kanta. Da kaka, manomi ko ɗan baranda zai kawo gyaɗa a kan jakuna, a auna, a biya shi, ya juya ya shiga kantin nan ya bar rabin kuɗin a wajen yadin Sallah. Mai kanti yana jin Hausa, yana zama a yi tayi da albarka, yana ba da bashi kan amana, abin da akawun kamfanin Bature ba ya yi. Wannan wuri shi ne Kantin Kwari, wanda daga baya 'yan kasuwar Kano suka gaje shi, ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin yadi a Afirka ta Yamma. Titin Beirut ma yana nan da sunansa.

Ba su kaɗai ne a fagen ba. Alhassan Ɗantata, wanda ya rayu daga 1877 zuwa 1955, ya zama babban mai sayen gyaɗa na Kamfanin Neja, shi ma jikan baƙi ne, Agalawa. Saul Raccah, Bayahude daga Tarabulus, ya yi ƙarfin da a shekarun 1930 manyan kamfanonin Turawa suka ɗauke shi abokin hamayya na gaske. Tarihin kowane gidan Kwara a sarƙe yake da na irin waɗannan mutane, domin ko sun yi gasa ko sun yi hulɗa.

Daga sikeli zuwa inji

Gidan Calil misali ne na yadda zuriya ɗaya ke sauya sana'a da ƙasa cikin ƙarni guda. George Calil ya shiga harkar gyaɗa a Kano, a farkon shekarun 1940 kuma ya kafa injin matse man gyaɗa, a lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta fi son a kai gyaɗar Ingila a matse ta can. Ɗansa Ely, wanda aka haifa a Kano a 1945, ya zama attajirin dillalin man fetur, ya zauna a Landan, a can ya rasu a 2018. Tushe a gabashin Bahar Rum, dukiya daga gonakin Kano, ƙarshe a Ingila. Gidan Moukarim kuma ya buɗe masana'antar kayan ƙarfe da katako a Kano a 1959, wadda ta haifi katifar Mouka da ake kwana a kanta a gidaje da yawa a yau.

Akwai dalilan wannan sauyi. Da aka kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa a 1949, gwamnati ta ƙayyade farashi da masu lasisin saye, ribar tsakani ta ragu. Bayan 'yancin kai aka ƙara matsa wa baƙi su bar ƙaramin ciniki ga 'yan ƙasa. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan Najeriya ta 1972, zamanin Janar Gowon, da wadda ta ƙarfafa ta a 1977, suka rufe musu ƙofar tireda. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka ƙarasa dalar gyaɗa. Wasu suka sayar suka tafi. Wasu suka nemi takardar zama 'yan ƙasa, suka zuba jarinsu a inji: alewa, biskit, roba, takalma, saƙa, jima. Bompai ta cika, aka buɗe Sharaɗa kashi-kashi, sannan Challawa inda majemu suka taru kusa da kogi. Yaƙin basasar Labanan na 1975 zuwa 1990 ya sake turo wasu 'yan'uwan, aka ba su aikin manaja da injiniya a masana'antun dangi.

Inda takardun suke

A Labanan rajistar mutum tana bin ƙauyen ubansa, ko da a Fagge aka haife shi. Kowane gida yana da lambarsa. Takardar iyali da ake cirowa daga ofishin rajista shafi ne mai layuka: sunan mai gida, sunan uba, sunan uwa, wuri da ranar haihuwa, mazhaba, sannan mata da 'ya'ya a ƙasa. Tushen wannan rajista ƙidayar 1932 ce, wadda har yau ita ce ta ƙarshe da ƙasar ta yi a hukumance. Wanda ya fita kafin nan, aka kuma manta da shi wajen rubutu, zuriyarsa kan sha wuya. Da ma yarjejeniyar Lozan ta 1923 ta ba tsofaffin talakawan Daular Usmaniyya mazauna waje shekara biyu su zaɓi ƙasa, kuma ba kowa labari ya isa gare shi ba. A 2015 majalisar Labanan ta yi dokar da ta ba jikokin 'yan ƙaura damar neman ƙasar kakanninsu, muddin sunan kakan na wajen uba yana cikin tsofaffin rajistocin nan.

A Najeriya, babbar taska ita ce Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Kano suke. A nan ake samun takardun neman fuloti, wasiƙun Razdan kan baƙi, rigingimun bashi da rabon gado. Jaridar gwamnati ta Gazet tana buga sanarwar kamfanoni da ta masu zama 'yan ƙasa. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa. Malamin tarihi na Jami'ar Bayero, Sabo Albasu, ya fitar da littafi kan 'yan Labanan a Kano a 1995, wanda duk mai wannan bincike da shi yake farawa.

Tarkon da ya fi kama mai bincike shi ne rubutun suna. Akawun Faransa ya rubuta yadda ya ji, na Ingila ya rubuta nasa, sai mutum ɗaya ya fito da sunaye uku a takardu uku. Haka kuma gidaje daban kan yi tarayya a suna. Calil na Kano da El-Khalil masu kamfanin Seven-Up da ya fara aiki a 1960, asalin sunan ɗaya ne da Larabci, amma wannan kaɗai ba hujjar dangantaka ba ce. Sai ƙauye da lambar gida sun zo daidai.

Abin da takarda ba ta riƙe ba

Sauran tarihin yana bakin dattawan unguwanni irin Ɗorayi, wadda a da gandun sarki ce, da gidan hutawarsa a bayan ganuwa. Kafuwar jami'a a gefenta da masana'antun Sharaɗa a maƙwabtanta suka mayar da ita unguwa mai cunkoso, Ɗorayi Babba da Ɗorayi Ƙarama, cike da masu aikin kamfani. A majalisun unguwar akwai tsofaffin direbobi da masu gadi da kuku da helma waɗanda suka yi wa gida ɗaya aiki tun daga uba har ɗa. Su suka san laƙabin da Kanawa suka sa wa mai gida, wanda ba ya cikin kowane fayil. Sun san wane ne ya zo yana yaron kantin kawunsa, wace shekara 'yan'uwa suka raba jari, wane ne ya biya wa ma'aikacinsa kujerar Makka, wane ne kuma ya rufe kamfani ya bar mutane da haƙƙinsu. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar wutar lantarki, da kwararar kayan waje masu araha, masana'antu da yawa sun rufe. Idan kamfani ya mutu, littattafan albashinsa da hotunansa kan ƙare a hannun gara ko masu ƙosai, sai abin da ya rage a kan waɗannan dattawa.

Babban giɓin kuwa na iyaye mata ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta Labanan ta 1925 ta uba kaɗai take bi. Akwai Kwarori, musamman Musulmi, da suka auri matan Hausa da Fulani da Shuwa. Inda uba ya kai auren ofishin jakadanci aka rubuta, 'ya'yan suna cikin rajistar ƙauye. Inda aka ɗaura aure a zaure da waliyyi da shaidu da goro, ba a kai ko'ina ba, to a takardar can wannan reshe babu shi, alhali a Kano kowa ya san gidan. Mai bincike da ya tsaya ga takardar Beirut zai zana rabin zuriya ne kawai. Ɗaya rabin yana wajen dangin uwa, da limamin unguwa, da kundin kotun alƙali inda aka raba gado.

Saboda haka wannan aiki ba na Kwarori kaɗai ba ne. Kano ta saba haɗiye baƙi, daga Wangarawa zuwa Agalawa zuwa Larabawan Gadamas, kuma abin da aka sani game da zuwan Wangarawa ya tsira ne domin wani ya zauna ya rubuta asalinsu. Sassan tarihi na jami'o'in Kano suna da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai kowace shekara, kowannensu da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Mutanen da suka shiga aiki a Sharaɗa suna samari a shekarun 1970 yanzu sun tsufa. Fayil ɗin Kaduna zai iya jira wata shekarar, amma hira da su ita ce ya kamata a fara yi.