Master Harold and the Boys

Wasan kwaikwayo ne da marubucin Afirka ta Kudu, Athol Fugard (1932-2025), ya rubuta a kan amana a zamanin wariyar launin fata. Labarin na yini guda ne a 1950, cikin wani shagon shayi a birnin Port Elizabeth, ana ruwan sama. Mutum uku ne kacal a dandali: Hally, ɗan Bature mai shekara 17, da Sam da Willie, baƙaƙen fata masu yi wa uwarsa aiki.

Sam ne ya raini Hally. Uban yaron gurgu ne kuma mashayi, ranar da ya bugu har ya kasa tashi, Sam ne ya goyo shi gida, yaron na biye cikin kunya. Duk wanda ya taso a gidan sarauta ko na attajiri a ƙasar Rano ya san irin wannan zama, inda bara yake zame wa ɗan maigida uba. Amma da Hally ya ji za a sallamo ubansa daga asibiti, sai ya huce a kan Sam. Ya ce daga yau ya riƙa kiransa “Master Harold”, wato maigida, sannan ya tofa masa yawu a fuska. Nan ƙarfin wasan yake, domin Fugard ya amsa da bakinsa cewa shi ma ya yi wa Sam Semela, ma'aikacin mahaifiyarsa, haka yana yaro.

An fara nuna wasan a watan Maris 1982 a dandalin Jami'ar Yale da ke Amurka, Fugard da kansa ya ba da umarni. Zakes Mokae ya fito a Sam, Danny Glover a Willie. A watan Mayu ya koma Broadway a New York, aka yi shi sau 344, Mokae ya ci kyautar Tony.

A gida kuwa da farko hukuma ta hana shi. Sai a 1983 aka nuna shi a Market Theatre na Johannesburg, John Kani ya fito a Sam. An mayar da shi fim a 1985 da 2010. Da aka sake nuna shi a Broadway a 2003, Glover, wanda a da shi ne Willie, ya dawo a matsayin Sam.