Daga Tarhon Manaja Zuwa Wayar Lebura: Tarihin Zaɓen Waya a Masana'antun Kano

Muhawarar da ake yi yau a ƙofofin masana'antun Sharada da Challawa da Bompai, tsakanin masu riƙon wayar Android da masu riƙon iPhone, ko da yake mai ji daga nesa zai ɗauke ta zancen samari ne na ado da alfahari, haƙiƙa tana da asali mai nisa. Domin ba a gane dalilin da ya sa lebura ya zaɓi Android, mai kamfani ya zaɓi iPhone, sai an koma an dubi yadda waɗannan unguwanni suka kafu, da yadda saƙo ke tafiya a cikinsu tun ba a san wayar hannu ba.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa da na fatu da ƙiraga ya bunƙasa, kamfanonin Turawa da na Kwarori suka yi sansani a wajen ganuwa. Da zamanin Turawa ya zo ƙarshe kuwa, sai Bompai ta zama mazaunin injuna, inda ake matsar man gyaɗa, ana niƙa alkama, ana saƙa, har ana harhaɗa kekunan Raleigh. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 ƙarƙashin Audu Bako, kuɗin man fetur ya shigo, dokar 1972 kuma ta buɗe wa 'yan ƙasa ƙofar mallakar hannun jari, sai masana'antu suka yaɗu zuwa Sharada, sa'an nan zuwa Challawa a gefen kogi, inda manyan majemu suka fi yawa. A duk tsawon wannan zamani na albarka, waya ba ta kowa ba ce face ta ofis. Tarho yana bisa teburin manaja, sau da yawa da ɗan kwaɗo a jikinsa, hukumar gidan waya ce ke ba da shi bayan dogon jira, daga 1985 kuma NITEL, lambar Kano tana farawa da 064. Akawu ya rubuta, masinja ya hau keke ya kai Kantin Kwari. Lebura kuwa da ya baro iyayensa a Ɗambatta ko Rano, ba shi da hanya sai wasiƙa, ko saƙon baka a tasha, ko gaisuwa a shirin Zaɓi Sonka na rediyo.

Sa'an nan al'amari ya juya. Daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta ɗauki shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar NEPA ta zama sai an ga dama, yadudduka masu araha daga Asiya suka cika kasuwa. Kamfanoni da dama suka rufe, waɗanda suka rage suka koma dogaro da janareta. Cikin wannan hali ne wayar salula ta iso. A watan Janairu na 2001 hukumar sadarwa ta yi gwanjon lasisi a kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki, a ƙasar da layukan tarhonta ba su kai rabin miliyan ba alhali jama'arta sun wuce miliyan 100. Da fari layi ɗaya ya fi albashin lebura na wata biyu, sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, farashi ya karye.

Zaɓi na farko da ma'aikacin Kano ya yi, Nokia ne, ba kuwa don suna ba, sai don ta jure faɗuwa a kan siminti, cajinta ya kwana uku, wata ma tana da tocila, abin da mutumin da ke tashi aiki da dare ya bi lungu marar fitila ya san ƙimarsa. A ƙofofin kamfanoni aka kafa lema da tebur ana kira a biya, masu caji suka jera wayoyi a kan allo da ɗan janareta. 'Ya'yan waɗanda aka sallama daga masaƙu kuwa, da yawansu suka nufi Titin Beirut da kasuwar Farm Centre suka koyi ciniki da gyara. Bayan nan manajoji da 'yan kasuwa suka rungumi BlackBerry, har ba a cika mutum ba sai yana da lambar da ake aika masa saƙo. Amma ba a daɗe ba WhatsApp ya janye daga tsarinta da tsarin Symbian na Nokia, wayoyi masu lafiyar jiki suka zama ba su da amfani. A nan jama'a suka koyi darasin da ba su manta ba, watau cewa rayuwar waya tana ga manhajar da ke tafiyar da ita, da yawan mutanen da ke bin wannan manhaja.

Abin da ya rage a fage shi ne tsari biyu, waɗanda suka yi kama da mazhabobi biyu, kowace da usulinta da mabiyanta. Kamfanin Apple ya fito da iPhone a 2007, ya riƙe tsarinsa na iOS shi kaɗai, bai yarje wa wani maƙeri ya yi aiki da shi ba. Saboda haka wayar ta zo da tsabtar aiki, da sabunta manhaja shekaru da yawa, da makullin da ke hana ɓarawo cin moriyarta, amma da tsada, da wahalar kayan gyara. Android kuwa, wanda Google ya saki a 2008, an bar shi a buɗe, kowane kamfani ya ɗauka ya gina a kansa. Wanda ya fi kowa cin gajiyar wannan a ƙasarmu shi ne Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, domin ya lura da halin da muke ciki: ya sa gurbin layi biyu saboda sabis ba shi da tabbas, ya sa babban batir saboda wuta ba ta da tabbas, ya daidaita kyamara da baƙar fata, ya kuma sauko da farashi.

To, da wannan ma'auni ake hukunci a Sharada. Ma'aikacin da mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tsaya masa a naira 70,000 tun 2024, alhali sabuwar iPhone ta haura miliyan, ba ya bukatar dogon bahasi. Tambayarsa ita ce, idan gilashi ya fashe nawa ne, kuma wa zai gyara kafin gobe, tun da yake daga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 albashi da cefane duk sun koma cikin waya. Mai majema kuwa da ke aika hoton fata ga mai saye a Italiya, ko dillalin da ya san iPhone ko ta hannu ce tana riƙe darajarta ranar sayarwa, shi ma yana da hujjarsa, ba a ce da shi mai riya ba. Abin zargi guda ne, shi ne mutum ya ci bashi ko ya tauye haƙƙin iyalinsa don a gan shi da abin da bai dace da samunsa ba. Wannan israfi ne, ko wace waya ce.

Amma akwai mas'alar da ta fi wannan nauyi. Birnin da ya shekara ɗaruruwa yana jima da rini da saƙa, har kayansa suka ƙetare Sahara, ya wayi gari iyakar rabonsa a wannan sana'a shi ne zaɓe tsakanin ƙirar wasu. Transsion ya kafa wurin harhaɗa waya a Habasha tun 2011, alhali ga rumfunan Bompai da Sharada a kulle, ga kuma matasan Farm Centre masu canza ƙananan sassa da hannu, waɗanda ba su rasa basira ba, sai wuta da jari da horo. Malamai sun ƙidaya sana'o'in da al'umma ba ta iya rayuwa sai da su cikin farilla ta kifaya, wadda in wasu suka tsaya da ita ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Waya a yau ta shiga wannan babi. Ba za a fara da ƙera iPhone ba, amma caja da batir da murfi da harhaɗa wayar Android, duk abubuwa ne da ke cikin ikon Kano, muddin hukuma ta tsayar da wuta a waɗannan unguwanni uku, attajirai kuma suka yarda su zuba dukiyarsu a ƙira kamar yadda suke zubawa a shigo da kaya.