Inshorar rai da ajiyar kuɗi: abin da doka ta tanada ga mai zubi a Agadas

Inshorar rai, wadda takardun Faransanci suke kira assurance vie, yarjejeniya ce tsakanin mutum da kamfani. Mutum yana zuba wani adadi duk wata ko duk shekara, kamfani kuma yana ɗaukar alkawarin biyan kuɗi idan mutumin ya rasu, ko idan ya kai wani wa'adi yana raye. A Agadas galibin waɗanda suka san ta ma'aikata ne masu albashi, kuma da yawa cikinsu sun shiga ba tare da sun lura ba, domin banki ba ya ba da rance mai tsawo sai ya haɗa da inshorar da za ta biya sauran bashin idan mai rancen ya cika.

Suna ɗaya ne, amma haja iri biyu ce. Akwai ta kariya zalla: ana biyan zubi kaɗan, idan mutuwa ta zo cikin wa'adin iyali su karɓi kuɗi mai kauri, idan kuwa wa'adi ya cika mutum yana raye, babu abin da ake mayar masa. Ta rancen banki tana cikin wannan rukuni. Akwai kuma ta ajiya, wadda ake sayarwa da sunan tanadin ritaya ko na karatun yara, inda kuɗin ke taruwa da ɗan ƙari har wa'adi. Wasu takardun suna haɗa biyun. Yawancin rigimar da ake yi da kamfanoni daga nan take tasowa: mutum ya sayi kariya yana zaton ajiya ya yi.

Dokar da ke bisa kai

Nijar ba ta da dokar inshora tata ita kaɗai. Tana cikin CIMA, ƙungiyar ƙasashe 14 da aka kafa da yarjejeniyar Yawunde ta ranar 10 ga Yuli 1992, mai hedkwata a Libarabil ta ƙasar Gabon. Kundin dokarta ya soma aiki a watan Fabrairu 1995, kuma shi ne ake aiki da shi daga Dakar har Njamena. Ficewar Nijar daga CEDEAO ba ta taɓa wannan kundi ba, tunda ƙungiyoyin biyu kowace da gidanta. A cikin ƙasa, ma'aikatar kuɗi a Yamai ce ke sa ido a kan kamfanoni da wakilansu.

Kundin ya hana kamfani guda ya haɗa inshorar rai da ta mota ko gobara. Shi ya sa ake ganin SUNU Assurances Vie Niger, wadda a da ake kira UGAN-Vie, dabam da ƴar'uwarta mai inshorar dukiya, haka ma CAREN Vie dabam da CAREN. Wanda ya kai ƙorafin inshorar rai ofishin da ya yi wa motarsa takarda, mai yiwuwa a turo shi wata ƙofa.

An yi wa dokar gyare-gyare da masu ba jama'a shawara kan kuɗi ya kamata su riƙe. A 2012 aka shigar da babin ƙaramar inshora ta masu ƙaramin ƙarfi. A 2016 aka ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfani daga biliyan 1 na sefa zuwa biliyan 5, mataki-mataki, inda matakin farko na biliyan 3 ya faɗo a 2019. A 2018 aka fito da ƙa'ida kan kuɗin mamatan da babu wanda ya zo nema. A 2019 kuma aka buɗe ƙofar takaful.

Idan zubi ya tsaya

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafar jihar Agadas, inda samu yake zuwa kamar ruwan kori, ya cika yau ya ƙafe gobe. Mai lambun albasa a Tabelot yana ganin kuɗi ne bayan girbi. Mai haƙar zinariya a Cibarakaten ko Jado, tun da aka gano ta a 2014, yana iya yin wata shida bai ga komai ba. Direbobin hanyar Libiya sun ga yadda dokar 2015 ta tsayar da sana'arsu, aka kuma soke ta a Nuwamba 2023. Ko masu albashin ba su tsira ba: an rufe mahaƙar COMINAK ta Akokan ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki rana guda. Takardar da aka tsara a kan zubin kowane wata har shekara goma ko ashirin ba ta san da wannan ba.

Doka ta ce kamfani ba shi da ikon kai mutum kotu don ya daina zubin inshorar rai. Abin da zai iya yi shi ne, bayan kwana 10 da wucewar ranar biya, ya aiko da wasiƙa mai rajista, sannan ya jira kwana 40. Idan ba a biya ba, ɗayan biyu: ko a rage alkawarin daidai da abin da ya taru, ko a soke takardar ɗungurum in babu abin da ya taru. Matsalar a nan ita ce wasiƙar tana zuwa adireshin da aka rubuta ranar sa hannu, sau da yawa akwatin gidan waya na wurin aikin da mutum ya riga ya bari.

Haƙƙin janye ajiya kafin wa'adi, wanda takarda ke kira rachat, yana tabbata ne idan an zuba kashi 15 cikin 100 na jimillar zubin da aka yi alkawari, ko kuma an cika zubin shekara biyu. A ɗauki misalin mai zuba jika goma duk wata na shekara goma. Jimillar ita ce miliyan 1 da jika 200, kashi 15 ɗinta jika 180, wato wata 18. Wanda ya tsaya a wata na goma sha biyu zai iya rasa jika 120 ɗinsa, kuma dokar ba ta gefensa. Wanda ya wuce wata 18 yana da haƙƙin karɓa, amma ba duk abin da ya zuba ba, domin an riga an cire kuɗin hidima da la'adar wakili, kuma kamfani yana iya yanke tarar da ba ta wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ya taru ba. Tarar tana faɗuwa bayan shekara goma. Ita kuwa ta kariya zalla ba ta da kuɗin janyewa sam.

Akwai haƙƙoƙi biyu da ba kowane wakili ke ambata ba. Wanda ya sa hannu yana da kwana 30 daga zubin farko ya fasa, a mayar masa da kuɗinsa ban da na takarda. Kuma wajibi ne kamfani ya sanar da mai ajiya duk shekara nawa zai samu in ya janye.

Ƙarin da ake samu

Kundin CIMA ya hana kamfani ya yi alkawarin kuɗin ruwa fiye da kashi 3.5 cikin 100 a shekara. Bayan wannan akwai rabon riba, inda doka ta tilasta a mayar wa masu takarda aƙalla kashi 85 cikin 100 na ribar juya kuɗinsu, amma wannan yana hawa yana sauka. Duk wakilin da ya ce kamfaninsa ya lamunce kashi 8 ko 10, a nemi ya nuna layin a takarda. A misalin ɗazu, in a ce ana cire kashi 5 na hidima daga kowane zubi, mai jika goma zai tashi da wajen miliyan 1 da jika 360 bayan shekara goma. Ba abin rainawa ba ne, amma ba arziki ba ne, musamman ga wanda ya tuna yadda aka karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994.

Asusun ajiya na banki ma kashi 3.5 yake bayarwa bisa ƙa'idar BCEAO, kuma ana cirewa duk ranar da aka so. Idan banki ya durƙushe, asusun lamuni na ƙasashen UMOA yana biyan kowane mai ajiya har miliyan 1 da jika 400, a ƙananan cibiyoyin ajiya da lamuni kuma jika 300. Ga mai samun da ba ya da rana, banki ko adashe ko tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka soma a jihar Maraɗi a 1991, sun fi dacewa da ajiya. Abin da ba su iya yi shi ne biyan miliyoyi ga marayu bayan zubin wata uku. Wannan aikin ta kariya ne, kuma ita ce mafi araha. Ta ritaya ta fi amfani ga mai albashi da ke son ƙari a kan abin da CNSS ko CARENI za su ba shi.

Sunan da aka rubuta

A kowace takarda akwai layin bénéficiaire, wato wanda za a ba kuɗin. Mutane suna cike shi da gaggawa, alhali nan ne gida ke iya rabuwa. A dokar CIMA, kuɗin da aka rubuta wa wani takamaimai ba ya shiga cikin gado. Idan magidanci ya rubuta sunan uwargida ita kaɗai, kamfani ita zai ba, ko da akwai amarya da ƴaƴa tara da iyaye a raye. Idan ya rubuta mon conjoint ba suna, kuɗin na wadda take matarsa ne a ranar biya, kuma a gidan mace biyu ko uku wannan kalma ta zama abin kai wa alƙali. Wanda yake son a bi rabon gado yana iya rubuta mes héritiers, wato magadana, kowa ya samu daidai kasonsa. In kuwa ba a rubuta kowa ba, kuɗin ya koma cikin dukiyar mamaci. Ana iya sauya suna daga baya, sai dai idan wanda aka rubuta ya riga ya amince a hukumance, to an ɗaure.

Kamfani yana da wata ɗaya ya biya, amma lissafin yana somawa ne daga ranar da takardu suka cika, kuma ta farko ita ce takardar mutuwa. Wanda ya rasu a asibitin Agadas ko Arlit, abin da sauƙi. Wanda rami ya rufta masa a daji, ko ya ɓata a Tenere, iyalinsa sai sun nemi hukuncin kotu, abin da kan ɗauki lokaci. Shekarun haihuwa ma suna da nasu tarko a ƙasar da mutane da yawa ke ɗauke da né vers a katinsu: in aka gano an rage shekaru, ana rage kuɗin da za a biya. Ɓoye ciwo ko sana'a mai haɗari da gangan kuwa yana rusa takardar gaba ɗaya. Sharuɗɗan da suka shafi yaƙi da tarzoma suna bukatar karatu a tsanake ga duk mai bin hanyar Dirku ko Asamaka. Sannan iyali su san da takardar, su san inda take. Dokar 2018 ta fito ne saboda kuɗin mamata da suka yi shekaru a hannun kamfanoni babu mai tambaya.

Batun addini

Mutane da yawa a Agadas ba lissafi ne ke hana su ba, hukunci ne. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta haramta inshorar kasuwanci saboda garari, ta halatta ta taimakon juna. A kan wannan tushe takaful ta ginu, wadda kamfaninta na farko ya buɗe a Sudan a 1979. A cikinta zubin sadaukarwa ne ga asusun mahalarta, kamfani wakili ne mai karɓar ladan aiki, ba a juya kuɗin a harkar ruwa, kuma rarar da ta saura ta mahalarta ce. A Najeriya kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna wannan aiki. Dokar CIMA ta 2019 ta yarda a kafa kamfanin takaful zalla, ko kamfanin da ke akwai ya buɗe sashe na dabam, da sharaɗin raba asusu da kuma kwamitin malamai masu sa ido. Wanda aka kawo wa takarda da sunan ta Musulunci yana da damar ya tambayi lasisin da hukuma ta bayar na wannan sashe, da sunayen malaman kwamitin, kamar yadda yake da damar neman katin aikin wakilin kafin ya miƙa ko dala.