Tarihin Gidan Abincin Sinawa Na "Ci Iya Cikinka"

Yau ina so mu ɗan waiwayi tarihin wani irin gidan abinci da wasunmu suka taɓa shiga a Legas ko a ƙasashen waje, wato na Sinawa, inda za ka biya kuɗi sau ɗaya, ka ɗauki faranti, ka yi ta ɗiba har sai cikinka ya ce ya isa. Abin da ya ja hankalina shi ne, wannan tsari a ƙasar baƙunci ya girma, a hannun 'yan ci-rani irinmu.

Labarin ya faro ne bayan an gano zinariya a Kalifoniya ta Amurka a 1848. Sinawa, akasarinsu daga lardin Guangdong, suka yi ta tsallaka teku neman arziki. Da guminsu aka shimfiɗa babban ɓangare na layin dogon da ya haɗa gabashin Amurka da yammacinta, wanda aka kammala a 1869. To amma da aiki ya ƙare sai masu gida suka fara ƙorafin baƙi sun cinye musu guraben aiki. A 1882 aka kafa dokar hana leburorin Sin shiga ƙasar, ba a kuma soke ta ba sai 1943. Sai dai dokar ta bar wa 'yan kasuwa ƙofa, kuma daga 1915 aka fara lissafa masu manyan gidajen abinci cikin 'yan kasuwa. Nan fa Sinawa suka rungumi tukunya, suka sauya girkinsu ya dace da harshen Bature, aka sami irin su chop suey.

Shi kuwa jera abinci kowa ya ɗiba da kansa, al'adar mutanen Suwidin ce, wadda ta yi suna a Amurka bayan bikin baje kolin duniya na Niyok a 1939. A shekarun 1940 wani otal a Las Vegas mai suna El Rancho Vegas ya mayar da ita "ci iya cikinka" a kan dala 1, don kada 'yan caca su fita neman abinci su ƙi dawowa.

Bayan Amurka ta sassauta dokar shige da fice a 1965, musamman daga shekarun 1980, sabbin baƙi daga yankin Fuzhou na lardin Fujian suka kwararo, suka haɗa girkin Sin da wannan tsari suka bazu da shi har ƙananan garuruwa. Ya kuwa yi musu daidai, domin ba ya bukatar masu kai abinci da yawa ko Turanci mai zurfi, ga 'yan uwa da dangi na taya aiki. Ribar tana fitowa ne daga abubuwa masu araha masu cika ciki, kamar shinkafa da taliya, da kuma lemon da ake saya daban.

Ni dai duk lokacin da na tuna wannan tarihi, Sabon Ibadan nake tunawa, wadda aka kafa wa Hausawa a 1916, da kuma korar baƙi da Ghana ta yi a 1969. Baƙo ba ya da tabbas sai sana'ar da mai gida ba zai iya rabuwa da ita ba, kuma mai tsire da mai shayi sun fi kowa sanin haka. Inda Sinawa suka sha gabanmu shi ne tsari: sun ɗauki abincinsu daga bakin titi sun kai shi cikin gini mai kujeru. Mu fa, yaushe?

Shawara ta ƙarshe ga mai niyyar shiga. Girkin Sinawa na yawan haɗawa da naman alade, da kitsensa, da giyar shinkafa, don haka a tambaya kafin a ɗiba. Sin ma tana da Musulmi, kamar 'yan ƙabilar Hui, masu gidajen abincin halal. Sannan biyan kuɗi bai halatta almubazzaranci ba, a ɗebi abin da za a iya cinyewa.

Allah ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, amin.