Ajami a Idon Masana: Daga Raini Zuwa Nema Ruwa a Jallo

A shekarar 1963 wani shaihin malamin tarihi na Jami'ar Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya bugi ƙirji a wata lacca ya ce Afirka ba ta da tarihin da za a koyar, in ban da na Turawan da suka shigo ta. Hujjar masu irin wannan ra'ayi ita ce tarihi ba ya tabbata sai da rubutu, baƙar fata kuwa wai ba su san alƙalami ba. Manufarmu a wannan ɗan taƙaitaccen bayani ita ce mu bi diddigin yadda masana suka warware wannan zance, har aka kai ga sabon fagen da manyan jami'o'in duniya ke rububinsa a yau, wato nazarin ajami.

Tun kafin waccan lacca aikin ya riga ya kankama a Ibadan. A 1956 Kenneth Dike ya fitar da littafinsa a kan ciniki da siyasa a yankin Neja Delta, inda ya haɗa takardun Turawa da abin da ya ji daga bakin dattawa. A 1961 Jan Vansina, mutumin Beljiyam, ya shimfiɗa ƙa'idojin tantance labarun baka domin su zama hujja. An ci nasara, domin kirari da waƙa da jerin sunayen sarakuna sun sami gurbi a fagen ilimi. Sai dai an gudu ba a tsira ba, saboda a fakaice an amince cewa Afirka ƙasar baka ce kawai.

Waɗanda suka fara gyara wannan su ne manazarta rubuce-rubucen Larabci. A 1964 John Hunwick ya kafa cibiyar tattara takardun Larabci a Jami'ar Ibadan. A 1967 kuma Murray Last ya wallafa tarihin Daular Sakkwato, wanda ya gina bisa wasiƙu da littattafan da ya karanta a gidan Waziri Junaidu. Duk da haka, abin da aka rubuta da baƙaƙen Larabci cikin harsunan gida bai sami kulawar da ta kamace shi ba. Dalili kuwa, malamin Larabci na iya karanta baƙaƙen amma ba ya jin harshen, masanin harshe kuma na jin harshen amma baƙaƙen sun fi ƙarfinsa. Ga kuma boko, wanda ya mamaye makarantun gwamnati tun daga wadda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Kano a 1909. A hankali duk wanda bai iya boko ba sai aka lissafa shi cikin jahilai, ko da kuwa ya ƙoshi da ajami.

Juyin ya zo sannu a hankali. A 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucen Nana Asma'u na Larabci da Fulatanci da Hausa, duniya ta ga yadda mace ta ilimantar da mata da waƙa a ƙarni na 19. Dmitry Bondarev ya yi nazarin tsohon harshen Kanembu da malaman Barno suka rubuta a gefen kwafe-kwafen Alƙur'ani tun ƙarni na 17. A 2016 wasu 'yan asalin Senegal biyu suka ƙara wa tafiyar armashi. Fallou Ngom na Jami'ar Boston ya nuna yadda ajamin Wolof ya zama jigon yaɗuwar ɗariƙar Muridiyya, Ousmane Kane na Harvard kuma ya nuna cewa Timbuktu ɗaya ce kawai daga cikin cibiyoyin ilimi masu yawa a Afirka ta Yamma. Matsayar da suka haɗu a kanta ita ce, ba za a rubuta tarihin tunanin mutanen wannan yanki da Ingilishi da Faransanci kaɗai ba. Wannan bai tsaya ga Hausawa ba, domin Yarabawan Ilori da Nufawa su ma suna da nasu ajamin.

To, amma takarda ba ta jira. A 2013 an ƙone rubuce-rubuce kimanin 4,000 a cibiyar Ahmad Baba da ke Timbuktu, wanda kuma gara da laima ke cinyewa a cikin adakoki ba mai lissafinsa. Tun 2004 Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya ya soma ba da tallafi domin ɗaukar hotunan irin waɗannan takardu a adana su a kwamfuta. Sai dai hoto ba ya karanta kansa, dole a sami mai ido da kunne a kan harshen.

A nan ne nauyin ya faɗo kanmu, ɗaliban Hausa da malamanta. A lokacin da jami'o'in Amurka da Jamus ke neman masu karanta ajami ruwa a jallo, a gida cire shi aka yi daga ƙananan takardun naira a 2007. Wasiƙar fatake, da littafin bashin ɗan kasuwa, da waƙar da wata modibbo ta rubuta wa ɗalibanta, duk hujjoji ne da ke jiran mai karatu. Ya kamata kowane ɗalibin Hausa ya fita daga jami'a yana iya karanta warash da rubutun hannu na dā, ya kuma tambayi dattawan gidansu abin da ke cikin gafakarsu. In ba haka ba, tarihin da kakanninmu suka rubuta da hannunsu, wasu ne za su karanta mana shi.